Audugar da ke Ƙarƙashin Hanci

Akwai masu bakin da ban yafe wa ba: 'yan barkan nan da za su leƙa jariri su ce, "Kai, wannan da haƙuri yake, ko kuka ba ya yi!" Wa ya gaya muku kowane shiru haƙuri ne? Zauna ka ji.

Wata tsohuwa ce mai kaɗi, aka haifa mata jika bakwaini. Kwana uku ana ta yabon haƙurin yarinya, ita kuwa hankalinta bai kwanta ba. Sai ta tsinko ɗan silin auduga ta ɗora ƙarƙashin hancin jaririyar, ta koma gefe da mazarinta. Auduga na motsi, tana kaɗi. Can sai auduga ta tsaya cik. Ta murza mazari, ya yi juyinsa har ya gaji ya kwanta, auduga ba ta motsa ba, leɓen yarinya ya yi shuɗi kamar an shafa masa baban rini. Ta sosa mata tafin ƙafa, yarinya ta ja numfashi. Kafin azahar sau huɗu aka yi haka. Ta ce a tafi asibiti. Uban, ɗanta ke nan, ya ce, "Iya, a bari a yi suna mana." Ta ce, "Sunan wa za ka raɗa in babu mai sunan?" Ta saɓi jika, ta tasa mai jego gaba.

A asibiti nas ta ɗaura wa yarinya wata 'yar na'ura mai jan haske a ƙafa, mai auna iskar da ke cikin jini. Tsohuwa ba ta san boko ba, ta dai mayar da audugarta ƙarƙashin hancin yarinya. To, abin mamaki, duk sanda auduga ta tsaya sai lambar da ke jikin na'urar ta gangaro daga casa'in da wani abu zuwa saba'in, na'ura ta kama ƙara. Nas ta sa wa yarinya robar iska a hanci, sannan ta juyo ta ce, "Iya, wa ya koya miki?" Ta ce, "Mazari, 'yar nan." Ranar bakwai aka raɗa suna, mai sunan tana kan gadon asibiti tana tsala kuka, kakarta na dariya.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ita kuwa da ta ga kimar, da ƙafarta ta je neman mudun. In akwai malamin da ya fi ta, kawo shi in gani.