Tela Mai Fatsa da Masu Taru

Tun da kun ƙudura ku kaɗai za ku shiga gaban hukuma, ban da maƙwabtanku, matso kusa, ɗan'uwa, ka ji wani misali kafin ka naɗa rawani.

An yi wani tela a wani gari da ke bakin tafki. Ɗinki ne abincinsa, amma ransa na wajen ruwa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya rufe keke da zane, ya ɗauki sandar fatsa da gwangwanin tana, ya nufi wata kwana mai zurfi da bado ya lulluɓe, inda kifi ke zuba ƙwai. Ba yunwa ke kai shi ba. Sau da yawa yakan kamo karfasa, ya juya ta a tafin hannu, ya mayar. Abin da yake so shi ne rawar nan da zare ke yi a yatsa, da zaman da babu mai zuwa tambayar ko an gama masa riga. Irinsa suna da dama, malaman makaranta da direbobi da 'yan fansho, har suka kafa ƙungiya, suka sa shi kakakinsu don Allah ya ba shi baki. A ɗaya gaɓar kuma akwai masunta masu taru da kwale-kwale, waɗanda in ruwa bai ba su ba, tukunya ba ta hawa murhu. Shekara da shekaru ana gaisawa, ba a taɓa jin kansu ba.

Sai kifi ya fara ja da baya. Hukuma ta aiko cewa za ta rufe kwanar badon nan ɗungurungum, ba taru ba fatsa, a bar kifi ya hayayyafa. Sarkin ruwa, dattijon masunta, ya tako har shagon tela, ya zauna a benci cikin ƙyallaye, ya ce su je da baki ɗaya: a rufe kwanar da damina lokacin ƙwai, a buɗe da rani, su da kansu su yi gadi. Tela yana saurare, ƙafarsa na kan keke. A ransa cewa yake, shi da ke kamawa ya mayar, don me za a auna shi da mudu ɗaya da mai kwashe uwa da 'ya'ya? Ya ce wa dattijo zai yi shawara. Shawarar da ya yi ita ce ya riga su zuwa.

Ranar zaman hukuma ya sa babbar riga ɗinkin hannunsa, ya miƙe ya yi magana har masu rubutu suna ɗaga kai. Ya ce idon tarun masunta ko allura da ƙyar take wucewa. Ya ce wasunsu na zuba magani a ruwa, alhali ji ya yi, bai gani ba. Ya roƙi a hana taru a tafkin baki ɗaya, a bar masu fatsa, su ne masu tausayin ruwa. Aka tafa masa. Kafin ya isa gida labari ya isa unguwar masunta. Su ma suka yi gayya suka tafi, suka ce masu fatsa ne ke sassabe bado don neman wurin zama, su ke tattake gurbin ƙwai, su ke barin leda da zaren roba suna shaƙe kifi. Wannan ya kai ƙara, wancan ya kai ƙara. Aka tsinke wa wani zare, aka huda wa wani jirgi, har gaisuwa ta mutu a kasuwa.

Ashe duk zaman da ake yi akwai wani attajiri daga birni a kujerar baya, yana kallon yadda ake ciki. Da ya ga abin ya nuna, ya tashi ya ce ga shi mutanen ruwan da bakinsu sun shaida babu mai amana a cikinsu, a ba shi tafkin haya, shi zai kiyaye shi. Aka ba shi. Kafin ruwan damina ya janye, waya mai ƙaya ta zagaye gaɓa, aka kafa allo cewa an keɓe wurin don kare kifi. Tela ya zo da sandarsa, mai gadi ya nuna masa allon da kulki. Yana tsaye bayan waya ya ga jiragen attajirin masu inji sun ja taru ta tsakiyar kwanar, sun tuge bado da saiwarsa, ana loda kifi manya da 'yan mitsi-mitsi cikin motar ƙanƙara. Ya koma hukuma da bakin nan nasa. Aka ce masa ai roƙonsa aka amsa, an hana masunta, sai kuma me?

Duk da haka Juma'a ba ta daina jan ƙafarsa zuwa bakin wayar ba, ko Allah zai sa mai gadi ya kau da ido. Wata rana yana dawowa hannu wofi, ya tarar da babbar mota a bakin unguwar masunta, an kife kwale-kwale bisa kaya an ɗaure, mata da yara na zaune kan buhuna, za su tafi neman wani ruwan. Sarkin ruwa na gidan gaba. Tela ya so ya kauce, ido ya riga ya haɗu. Dattijon bai zage shi ba. Ya dubi sandar da ke kafaɗarsa ya ce, "Malam tela, mun bar muku ruwan. Allah ya ba da sa'a." Mota ta tashi, ta bar shi tsaye cikin hayaƙi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.