Surayya Ta Mulki Birtaniya

Surayya ta sa sojoji suka rufe majalisar Landan, suka harbe duk ministan da ya nemi sulhu da Jamus. A wasan kwamfutar da take bugawa, shekarar 1940 ce, kuma ita ce firaminista. In ta ci wannan zagaye, wani kulob ɗin wasanni a unguwarsu ta Bagdadiyya a Jidda zai ɗauke ta aiki.

Sai sojojinta suka ƙare. Wani gari a Arewacin Nijeriya ya ƙi ba da mazansa. Ko ta ƙone shi, ko Landan ta faɗi.

Tana ganin sunan garin, sai ta dakata. Tungar Gawo, mahaifar kakanta. Ga Kawu Hashim tsaye a bayanta.

"Kawu, wallahi ba zan taɓa shi ba. Halas, shi ke nan, na haƙura da aikin."

Tsohon ya ture hannunta, ya danna maɓallin da kansa. Wuta ta kama rufin ɗakuna, mutane na gudu ana harbinsu.

"A wasa ne suka ƙi," in ji shi. "A zahiri, su suka ɗaure babana da igiya suka miƙa wa Turawa. Da ƙafa ya gudo Jidda. Yalla, maza nuna mini gidan dagaci."