Takardar Zuciyar Inna Hajo

A shekarar da soja suka koma bariki ne zuciyar Inna Hajo ta fara rikicewa. Tana zaune tana tsintar shinkafa sai ta ji ƙirjinta ya yi gudu, ya tsaya, ya sake fizga. Ta ɓoye har wata huɗu, don ba ta son a ce tsohuwa ta cika raki.

Ɗanta na fari ne ya gane. Inna Hajo ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce "wancan", ko da yake yanzu ya ba arba'in baya, sabuwar gwamnati kuma ta ƙara masa girma a ofis. Ya tambaye ta yadda abin yake mata, dalla-dalla, har yana rubutawa. Da ya fita ta share ƙwalla, ta yi masa addu'a a ɓoye.

Ranar Talata ya ɗauke ta daga unguwarsu ta Ƙofar Marusa, su biyu rak, zuwa wani asibitin kuɗi a Kano. Ya jima suna ƙus-ƙus da mai yankan kati. Da aka yi kira ya miƙe, ita ma ta bi shi, kanta a sunkuye. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka shafa wani abu mai sanyi, aka ɗauki hoto.

A hanyar dawowa ya ce likita ya ce tsufa ne kawai, ta riƙa shan zuma da habbatus sauda. Ta yi hamdala. Takardun ya ce zai adana mata.

Bayan mako biyu sai ga mutanen ofishinsu, mota-mota, suna zuwa gaishe ta. Su durƙusa a bakin ƙofa su ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Su ce Allah ya sa kaffara ne, ta yi haƙuri, ta dage da addu'a. Bayan sun tafi takan ce wa autarta Zulaihat ta ga irin mutuncin da wancan ya saya mata, har manyan gari sun san ba ta da lafiya.

Da damina ta faɗi ya zo sallama, ya ce tafiya ta kama shi zuwa Masar, shi da matarsa Saudatu, wata biyu. Inna Hajo ba ta tambayi dalili ba, don uwa ba ta bin diddigin ɗan fari. Ta dai ce a gaya wa wancan ya kula da salla a kan lokaci.

Sun yi kwana ashirin da tafiya, da hantsi tana alwala, buta ta suɓuce mata. Kafin Zulaihat ta iso, bakin Inna Hajo ya karkace, hannun dama ya saki.

A asibiti wani dattijon likita ya tambaya ko an taɓa duba zuciyarta. Zulaihat ta garzaya gidan yayanta, tunda makullin na hannunta, ta birkice durowa har ta samo kwafin takardun Kano.

Likitan ya karanta a tsaye a gefen gado. Inna Hajo ba ta iya magana, amma kunnenta ras yake. Ya ce zuciyar ta yi tabo a wurare da yawa, kuma irin wannan tabon ya fi yawa ga wanda ya manyanta, musamman mace. Ya ce an rubuta maganin da zai hana jini daskarewa, da ta sha shi tun lokacin, mai yiwuwa da ba a kai ga haka ba. Zulaihat ta rantse ba su taɓa ganin ko ƙwaya ɗaya ba.

Ya juya shafin farko, ya gyara tabarau.

"Hoton dai na tsohuwar nan ne, ban yi shakka ba," in ji shi. "Amma an rubuta namiji, ɗan shekara arba'in da biyu, ga kuma hatimin amincewa a fitar da shi waje neman magani da ɗan rakiya ɗaya. Wane ne Sagir Haruna?"

Zulaihat ta dubi uwarta, ta ce, "Yayana ne."