Wayar Marigayi

Ran da saƙon ya zo, 'yarta ce ta karanta mata a tsaye, da jakar aiki a kafaɗa.

"Mama, kamfanin yawon buɗe idon nan ne da Baba ya shiga gasarsu. Wai doka ta hana su ci gaba da turo talla, sai mai adireshin ya tabbatar yana so."

Gasar dai bai ci ba, har ya rasu bai ga teku ba. Amma kullum da safe wayarsa kan yi ƙara a gefen gado, imel ya shigo da sunansa a sama da hoton otal a bakin ruwa. Duk duniya su kaɗai ne ba su daina gaishe shi ba.

"In danna 'eh' kawai?" in ji 'yar. "Inji ne fa, ina ruwansa da wanda ya danna?"

Uwar ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ba zan sa mamaci ya amsa abin da bai ji ba. Cire sunansa."

"To, saƙo ya ƙare ke nan."

"Sa nawa."

Washegari wayar ta yi ƙara. Uwar ta bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sai ga sunanta na yanka. 'Ya'ya Mama suke ce mata, maƙwabta kuwa matar marigayi. Tun da mijinta ya tafi, ba wanda ya ƙara kiranta da sunan.

Har yau, in wayar ta yi ƙara, takan ajiye tsintsiya ta ce, "Na'am."