Kafin Babanta Ya Iso

"Gobe za a yi aikin," in ji likitan ƙwaƙwalwa, "amma tana iya rasa magana."

Uwar ta dubi waɗanda suka zagaye teburin saboda 'yarta: likitan yara, da mai gashin ƙashi, da malamar da ta sha fama kafin harshen yarinyar ya buɗe. Bakinsu ɗaya, ƙarin da ya tsiro a ƙwaƙwalwar yarinyar ba zai jira ba.

"Likita, a ɗan jinkirta mana," ta ce. "Babanta direba ne, yana hanya. Shekaranjiya ta fara cewa Baba, bai ji ba tukuna."

Babu wanda ya iya haɗa ido da ita. Aka kira uban a waya, ya yi ta lallashi, yarinyar ta ƙi buɗe baki.

Da safe, a ƙofar ɗakin tiyata, likitan ƙwaƙwalwar ya sunkuya yana gyara wa yarinyar hula. Ta kama yatsansa, ta ce, "Baba."

Ta rayu, amma ba ta sake magana ba. Har yau, duk ranar da suka kawo ta asibiti, sai uban ya tare likitan: "Don Allah sake faɗa mini, yaya muryar take?"