Ƙofar Inna

Sau nawa mace za ta ce a'a kafin namiji ya gane dalili? Mati magini sau uku ya ƙirga. Ashe Zuliha da yake nema da aure ba ta iya barin Innarta ita kaɗai a Wara, tsohuwa kuwa kunya ba ta barinta zama gidan suruki.

Ran kasuwar Yelwa ya tare ta bakin ruwa, ya zana gida a rairayi da kara.

"Ɗaki uku. Wannan na Inna, ƙofarta daban. Sai mu shekara ba mu haɗa ido ba."

Zuliha ta daɗe tana kallon zanen. Can ta karɓi karan.

"Taku nawa zuwa madafa?"

"Sha biyu."

"Haba Malam, da wannan gwiwar tata? Mai da shi shida, sannan ka turo manyanka."