Shaguna a Kan Hanyar Ruwa

Tunda ka ce ka sayi fili a bayan gari, zauna ka ji wani misali kafin ka kira magini.

An yanka filaye a wata sabuwar unguwa, masu awo suka bar kamu huɗu a bakin kowane layi, suka ce nan ruwan sama zai bi ya gangara rafi. Wani ɗan kasuwa da filinsa ke kan tudu ya dubi wurin, ya ga asara ce a bar shi haka. Ya sa aka turo gininsa gaba, ya fitar da shaguna biyu. Magini ya ce masa, "Alhaji, nan fa hanyar ruwa ce." Alhajin ya ce ana tsakiyar rani, ina ruwan yake? Maƙwabcinsa ya gani, ya ce shi ma ba wawa ba ne. Wannan ya ci kamu ɗaya, wancan ya ci biyu, wani ya jibge jar ƙasa ya ɗaga ƙofarsa, wani ya malale tsakar gida da siminti har ba inda ɗigo zai nutse. Mutum ɗaya ne ya tsaya inda aka kafa masa turke, wani tsohon malamin makaranta can a gangare, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a ɗaki uku. Ya bi su gida-gida yana roƙo, suka ce tsohon ya cika ƙa'ida.

Damina ta kankama. Ran da aka yi mamakon Agusta, ruwan layin gaba ɗaya, da leda da dagwalon masai, ya rasa hanya ya faɗa gidan malamin. Kafin la'asar ɗaki biyu sun zube, ya fito da matarsa a goye, ruwa iya ƙirji. Abin da ke ƙona min rai, washegari sai ga maƙwabtan nan cikin manyan riguna sun zo jaje, wai ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ko kunyar Allah ba su ji ba, su toshe hanya da hannunsu sannan su laɓe bayan ƙaddara. Da aka ce a rushe shagunan a haƙa magudana, kowa ya tuna yana da uzuri, ya nemi takalminsa. Yau malamin yana raɓe a zauren ƙanensa, su kuwa masu shaguna duk shekara sai sun ƙara haya. Bahaushe ya gama magana da ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.